Ajin Kurame na Zugu

Jandarman da ya tare mu a Segbana, muna shiga ƙasar Benin, ba abin da ya ce mini illa in sauko da jakata daga kan buhunan albasa, amma sai daga baya na san haka. A lokacin dai na ga bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ni kuwa na tsaya ina murmushi kamar wanda ake yi wa albishir. Shekara uku na yi ina rera Faransanci a ƙaramar sakandare, ina cikin masu cin jarrabawa, har yau in ka tashe ni daga barci zan jero maka yadda aikatau ke sauyawa daga ni zuwa kai zuwa su. Amma ranar da mai harshen ya buɗe baki a gabana, ko kalma ɗaya ban kama ba. Da ya gaji da murmushina sai ya hau motar da kansa ya wurgo jakar ƙasa.

Abin da ke cikinta ya watse a tsakiyar titi: macijin roba, 'yar tsana mai ido ɗaya, gemun auduga, takalmi wari guda, ludayi, da hotunan da na zana a kwali. Bagudu, dillalin albasar Aliero da ya ɗauko ni a motarsa, ya yi sauri ya gaya wa jandarman cewa ni malami ne. Da ma ya yi shiru. Mutumin ya dubi macijin, ya dubi 'yar tsanar, ya dube ni, sai ya ja da baya yana ƙwala wa abokan aikinsa kira.

“Malam, mutumen ga boka ya ɗauke ka,” in ji Bagudu. “Kak ka ce komi, bar ni da shi.”

To me zan ce da ma, da wane bakin? Suka zaunar da ni a rana har aka yi la'asar. Albasa ce ta fanshe ni, aka sauke musu abin da aka sauke, kuma Bagudu bai bar ni na manta da wannan ba har muka rabu. Ina tsugune ina tsintar kayana ɗaya bayan ɗaya, amma ba jandarman nake jin haushi ba. Malamin Faransancinmu nake tunawa, Allah ya jiƙansa, wanda ya cinye mana shekara uku da ihu da bulala, ya sallame mu ba mu iya jin “sauko da jakarka” ba.

Sunana Sama'ila, mutumin Liba ne ni a ƙasar Maiyama, kuma Turanci nake koyarwa. Tarkacen da ya kusa sa a ɗaure ni kayan aikina ne. Ni ban yarda a fara wa yaro baƙon harshe da haddar dokoki ba, ban kuma yarda a shaƙe masa wuya sai ya yi magana tun kunnensa bai cika ba. Abin da nake yi shi ne in yi ta yi wa yara magana da Turancin da za su gane, a hankali, da hoto da nuni da wasa, yau kaɗan, gobe a ƙara kaɗan. In ɗaga maciji in faɗi sunansa, in jefa shi a jakar wani, in tambaya ina ya shiga, su nuna. In ba su labari, in yi ta juya tambaya a kansa har kalma ɗaya ta ratsa kunnensu sau da yawa ba su ankara ba. Magana tana zuwa da kanta daga baya, wani da wuri, wani a makare. Wata malama ce ta fara nuna mana hanyar a kwalejin horon malamai. Amma ko ba ita ba, duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Jega ya ga mutanen Aliero da suka dawo daga kudu da Yarbanci a bakinsu, ba wanda ya taɓa tsayar da su a gaban allo.

A Jega na yi shekaru ina gwada wannan, ba a taɓa bari na kai ƙarshe ba. Shugaban makarantarmu ya laƙaba mini Malam Gatanan, malamai suka ɗauka, har masu sayar da awara a bakin ƙofa. Duk ajin da na fara da shi, kafin a je ko'ina sai ya leƙo ya ce ba ya jin ɗuriyar karatu, ya karɓe ya ba wani, ni a tura ni wani ajin in sake daga farko. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: aji ɗaya, shekara ɗaya cur, kada kowa ya sa mini hannu. Da Bagudu ya zo da labarin wata makarantar kuɗi a Zugu, garin da takardu ke kira Djougou can cikin ƙasar Benin, wadda ke neman ɗan Najeriya ya koyar da Turanci, wannan sharaɗin kaɗai na kafa. Mai makarantar ya rantse mini da Allah a waya cewa aji nawa ne daga farkon shekara har ƙarshenta. A kan wannan rantsuwa na ajiye aikina, na bar matata Hadiza da yara wurin mahaifiyata a Liba.

A Kandi motar ta lalace. Muka yi kwanaki a gefen hanya, albasa ta fara tsami, Bagudu ya koma kamar zai ciji mutum. Can na fara sanin abin da ake kira baƙunci. In je sayen abinci in nuna da yatsa, a faɗi farashi, yara su kwashe da dariya, in san an cuce ni amma ban san ta ina ba. Wani tsohon bakanike da ke gyaran motar ya lura da ni. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa, amma duk sanda ya zauna cin doya sai ya bugi benci da tafin hannu ya faɗi wata kalma, ya turo kwanon gabana ya faɗi wata. Kafin mu tashi na san “zauna” da “ci” da “ƙara” a harshen da har yau ban san sunansa ba. Da za mu tafi na miƙa masa ɗan abin da ya samu, ya ture hannuna kamar na zage shi.

Zugu garin Musulmi ne, masallaci a kowace kwana, ga zango cike da Hausawa da jikokin Hausawa. Da na ji kiran salla sai raina ya yi sanyi. Sanyin bai daɗe ba. Bagudu ya ce mini makarantar bene ce, da gidan malamai da famfo. Abin da na tarar tsohon sito ne na ƙwarar kaɗanya, an raba shi da katako da zana, in malamin lissafi ya yi tari a ajinsa sai ka ji kamar a ƙeyarka ya yi. Gidan malamai kuwa tabarma ce a ofis. Na juya zan yi wa Bagudu magana, na same shi a bayan ofis, mai makarantar yana damƙa masa tukuicin kawo ni, kamar wanda ya kawo rago kasuwa.

“To Malam, ai benen za a yi shi,” in ji shi, ko kunya babu. “Ga bulo can an aje. Kai dai yi haƙuri, arziki ba shi zuwa ga mai gaggawa.”

Mai makarantar, wanda kowa ke kira Darakta, gajere ne mai fara'a, yana jin Hausar zango sosai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya maimaita rantsuwarsa a gaban Bagudu. Ya ba ni 'yan aji ɗaya na sakandare, ɗaki maƙil. Yawancinsu Dandanci, harshen garin, ne a bakinsu, Faransanci a littafinsu, Turanci kuwa ba su taɓa jin sa ba sai a waƙar rediyo. Ni ba Dandanci, ba Faransanci. Wani zai ce matsala ce. Ni murna na yi, don ko na so in yi ha'inci in fassara musu, babu hali.

Ɗaki na kama a gidan wata dattijuwa, Iya Salamatu, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ita ta yi jinyata da zazzaɓi ya kayar da ni ina sabon zuwa, ta dafa wani ganye mai ɗacin tsiya ta tsaya a kaina sai da na shanye. Abincin Zugu doya ce safe da yamma, a dafa, a soya, a kirɓa. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har ina mafarkinsu, na yi kewar furar da muke sha a gindin itacen bedi ranar kasuwar Jega. In Hadiza ta kira ni sai ta ce, “Malam, ɗiyan ga kullum sai sun tambaye ni yaushe za ka komowa. Ni ko nic ce musu sai ka ƙare shekara.” Sai in ce mata haka ne, sai na ƙare shekara.

Ajin kuwa ban taɓa samun irinsa ba. Ranar farko ban ce kowa ya buɗe littafi ba. Na ce “tashi” da Turanci na tashi, na ce “zauna” na zauna, suka kalli juna, suka bi ni. Kafin a kaɗa ƙararrawa suna taɓa ƙofa, suna nuna taga, suna ɗora littafi a ka, suna dariya har da hawaye. Da tafiya ta yi tafiya muka shiga labari. Muka ƙirƙiro wani bunsuru mai son hawa kabu-kabu, su suka zaɓa masa launi da gari da matar da zai aura. In tambaya da Turanci, bunsurun nan fari ne? Su girgiza kai. Baƙi ne? Su ɗaga hannu. Wa ya hau babur, bunsuru ko Darakta? Aji ya kwashe. In na ga idon wani ya yi nisa sai in tsaya, in koma baya, in zana, in liƙa gemun auduga in zama tsoho, har in ga ya dawo. Idan labari ya zauna musu sai in rubuta shi a allo mu karanta tare, abin da suka riga suka sani da kunne su gan shi da ido. Wanda ya yi ƙarfin hali ya jefo kalma, ko ta karkace ba na cewa ya yi kuskure, sai in karɓa in maimaita ta daidai a cikin amsata in wuce.

Akwai wata yarinya Rakiya, 'yar Alhaji Mudi mai shagon siminti, jikan Hausawan zango kuma shugaban iyayen yara. A layin gaba take zama, ba ta cewa uffan, amma ita ke fara dariya kafin kowa, wani lokaci tun ban ƙarasa jimlar ba. Duk malamin da ya san aikinsa ya san abin da wannan ke nufi. Na ce a raina, ranar da bakin yarinyar nan zai buɗe sai an roƙe ta ta yi shiru.

Ana cikin haka Bagudu ya dawo da wani lodin, ya kawo mini ƙullin kuka da daddawa daga gida, da saƙon da ban aike shi ba. Wai ya haɗu da tsohon shugabanmu a tashar Jega.

“Yac ce in gaishe ka, in tambaye ka ko mutanen Faransa sun fara gatanan gatananku. Yac ce kujerarka na nan, in sunka koro ka.”

Na ce ya gaya masa ya jira ƙarshen shekara, zan aiko masa da muryar yarana a waya.

Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. A Zugu, kamar a Jega, da kunne ake auna malami. Makarantar tana kan hanyar kasuwa, iyaye suna wucewa ta gindin taga, kuma ajin da ya fi ƙara shi ne ajin da ake karatu. Da yamma uba zai zauna a ƙofar gida ya kira ɗansa ya ce, biya mini abin da aka koya maka yau. Yaro ya buɗe baki ya zubo, uban bai san abin da ake faɗa ba, yaron ma bai sani ba, kowa ya tashi da farin ciki. Nawa yaran in aka ce su biya sai su yi tsuru, don ba a ba su abin biyawa ba. Wani da aka matsa masa ya ce wa ubansa yau dai bunsuru ya yi aure. Washegari Darakta ya kira ni ofis.

“Malam Sama'ila, iyaye sun sa wa ajinka suna, wai ajin kurame. Wasu ma sun ji labarin maciji da 'yar tsana, suna cewa ɗaure wa yara baki ka yi.”

“Darakta, shigo ka zauna ka gani da idonka. Ka faɗi duk abin da kake so in gaya musu da Turanci, in ba su yi ba ka kore ni.”

“Ni ba gani nake so ba, ji nake so. Mai biyan kuɗin makaranta a waje yake tsayawa, ba ya shigowa. Kai ba da hadda ka yi karatun allo ba?”

“Da ita na yi, kuma ina alfahari. Alƙur'ani ana haddace shi ne don a tsare lafazinsa, kada wasali ɗaya ya goce. Wannan kuwa harshen ciniki ne da hira da faɗa. Wa ya taɓa haddace faɗan da zai yi gobe?”

“To ni dai ihun nake roƙo, ko na ɗan lokaci, saboda mutanen taga.”

“Ka yi mini rantsuwa.”

“Na yi. Aji naka ne, ban ce ba naka ba ne.”

Na ƙi. Wani zai ce me zai rage ni in na ba shi ihun. Na san hanyar nan, na bi ta a Jega. Yau ɗan lokaci ne, gobe a ce a rubuta a haddace, jibi a kawo bulala don wanda ya manta, yaron da ya fara sakin jiki da harshe ya koma jin tsoronsa. Ban bar uwata da matata na zo ƙasar mutane ina cin doya don in sake yin abin da ya zaunar da ni a rana a Segbana ba.

A ƙarshen zango na biyu suna da al'ada, ranar iyaye. A kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, kowane aji ya fito ya rera abin da ya haddace. Darakta ya kawo mini wani jawabin maraba da baƙi, cike da manyan kalmomin da ni kaina sai na tsaya na yi tunani. Ya ce Rakiya za ta haddace, tunda ubanta ne babban baƙo. Na ce ba zan ɗura wa yarinya abin da ba ta san ma'anarsa ba. In ana son a ga aikina, a ba ni fili in nuna shi yadda yake. Ya ce to. Ni da wautata na ɗauka na ci nasara.

Ranar ta zo. Malamin Faransanci ya fito da nasa yaran, suka yi ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano, aka yi tafi, mata suka yi guɗa, aka liƙa wa yara kuɗi a goshi. Sai aka kira mu. Na tsaya a tsakiyar fili na ce wa jama'a, ta bakin tafinta, kowa ya faɗi abin da yake so ya shiga labari, don a san ba shiri muka yi ba. Wani ya ce ɓarawo, wata ta ce tukunya, wani ya ce tsohuwa. Na haɗa labari nan take da Turanci, yara suna yin sa da jiki. Na ce ɓarawo ya shigo ta taga yana sanɗa, yaro ya shigo yana sanɗa. Na ce tsohuwa ta farka amma ta yi kamar tana barci, Rakiya da ke kwance a matsayin tsohuwar ta buɗe ido ɗaya ta rufe. Wannan jimla ba su taɓa jin ta a haɗe ba. Na yi ta jefa tambayoyi, suna amsawa da kalma ɗaya ko biyu, ba wanda ya kauce. Tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Na juyo ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Alhaji Mudi ya miƙe ya gyara babbar rigarsa, ko lasifika bai nema ba.

“Malam, mun ji ka iya Turanci, Allah ya ƙara basira. Amma mu ba kai muka kawo makaranta ba. Tun ɗazu kai kaɗai kake magana. 'Yata ta kwanta a ƙasa a gaban jama'a. Ai ko kare ne, in ka daɗe da shi ka ce ya kwanta zai kwanta. Rakiya, tashi ki yi mana Turanci mu ji.”

Yarinyar ta tashi. Ta dube ni, ta dubi ubanta, ta dubi abin maganar da aka tura mata a baki. Ba abin da ya fito daga bakinta. Aka yi dariya, har da malaman da muke cin abinci a kwano ɗaya. Na ce, “Alhaji, ka ba ta lokaci, maganar tana nan tafe, wallahi tana bakin ƙofa.” Ya ce shi siminti yake sayarwa, bai taɓa ce wa mai saye ya biya yau ya dawo baɗi ya ga ko buhun ya iso ba. Nan aka yi tafin da nake jira, amma shi aka yi wa.

Washegari Darakta ya sallame ni. Ko idona bai iya kallo ba, yana ta gyara abin da ke kan tebur. Na tuna masa da rantsuwa, ya ce zai yi kaffara. Wallahi haka ya ce, zai yi azumi uku. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma har gobe ban janye ko ɗaya ba. Ajin ya ba ƙanin matarsa, wani Musa, wanda ya taɓa zama a Legas yana sayar da kayan babur. Ya zo da dorina da littafin tambaya da amsa.

Ban iya komawa gida nan da nan ba, kunya ta hana ni. Na koma rumfar 'yan albasa wurin mutanen Aliero, ina taya su tsince ruɓaɓɓu daga masu kyau. Iya Salamatu ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba, sai dai kullum in tarar da ƙosai a rufe a bakin ɗakina. Hanyar kasuwa ta gindin tagar makarantar take bi. In na zo wucewa sai in ji ajina yana ihu, ana tambaya ana amsawa baki ɗaya, da ƙarar dorina a tsakani. Na koma zagayawa ta bayan masallaci don kada in ji.

Sai abin da na ce zai faru ya fara faruwa. Ba a daɗe ba yara suka fara magana, ba a aji ba, a hanya, a bakin rijiya, a wurin wasa. Wani mai shayi ya ce ya ji biyu suna faɗa da Turanci a kan ƙwallo. Ni ma na ji da kunnena. Turanci ne mai ɗingishi, amma nasu ne, da kansu suke haɗa shi, kuma na san daga labarin da kowace kalma ta fito. Gari ya ɗauka, wai Malam Musa ya buɗe bakin kurame. Darakta ya sa aka kafa sabon allo a bakin titi, an rubuta cewa makarantarsa tana koyar da Turanci cikin wata ɗaya. Iyaye suka yi ta kai wa Musa kaji da doya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na koma wurin Darakta na ce ya kira Musa mu tsaya a gaban yara ni da shi, a ga wanda za su gane. Ya sa maigadi ya raka ni waje.

Da na gaya wa Hadiza komai, sai ta ce, “Malam, komo gida. Damana ta kusa, gona na jiranka, Inna ma ba ta jin daɗi. Wanda bai san darajarka ba, mi kaka jira gare shi?”

Ranar da zan taso ina tasha a gindin motar Bagudu, ta sauke albasa za ta koma da doya, sai ga Alhaji Mudi ya zo duba wasu kayansa, Rakiya na biye da shi. Ya gan ni ya washe baki, ya miƙo hannu kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

“Malam, ashe tafiya za a yi? To tsaya ka ji aikin malamin gaske. Rakiya, yi masa Turanci.”

Wannan karon babu rumfa, babu lasifika, kuma ta san uban ba ya ji. Ta dube ni ta fara magana a hankali, tana laluben kalmomi tana ajiye su inda ta ga dama. Ta ce, Malam kada ka tafi. Ta ce sabon malami ba ya yi mana magana, ihu yake yi mu ma mu yi ihu. Ta ce jiya na tambaye shi wani abu da Turanci, bai gane ba, ya dake ni. Ta ɗan juya tafin hannunta yadda ni kaɗai zan gani, ga shatar dorina.

Ba wanda ya rubuta mata wannan, ba wanda ya biya mata. Abin da na bar aikina da iyalina don in ji ke nan, ga shi na ji shi a tasha, jakata tana kan mota.

Alhaji yana ta gyaɗa kai, ya dubi mutanen da suka taru. “Kun ji ko? Yaushe ma Musa ya zo? Malam, kai da ka iya, me ta ce?”

Na buɗe baki. Duk abin da na tara a cikina tun ranar rumfa ya taso. Ga jama'a, ga shaida a hannun 'yarsa, da na faɗa da ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sai na dubi yarinyar. Ni mota zan hau. Ita gida za ta koma tare da mutumin da ta kunyata a bainar jama'a, gobe kuma ta zauna a gaban Musa, wanda kafin magariba zai ji cewa ta kai ƙararsa tasha. Idonta yana kaina, ta ji tambayar uban, ta kuma ga abin da ke shirin fitowa daga bakina.

Na ce, “Cewa ta yi Allah ya kiyaye hanya, ya kai ni gida lafiya.”

“Allahu akbar,” in ji Alhaji Mudi. “Ka gani? Har ladabi ya koya mata.”

Na hau bayan mota na zauna a kan doya. Sai da muka fita gari na lura na cije leɓena har ya yi jini.